Ƙarfen Surukina a Bayan Babur Ɗina

Aikin nan ya ba ni wahala. Ban taɓa yin aikin da ya cinye ni kamarsa ba, kuma ba na fatan in sake. Har yau in na dunƙule hannun dama yatsuna biyu ba sa rufuwa daidai, tun daga gugar ƙarfen da na yi a tsakar gidana a Alsawra, cikin Umdurman.

Ni mai facin taya ne, ba makaniki ba. Na daɗe da rumfa a bakin kasuwa a Alsahafa, kullum in haye gada da safe daga Umdurman, in dawo da yamma a kan tsohon babur ɗina. Na san taya, na san tiyub, na san sarƙa da birki daidai gwargwado. Karatuna na allo ne, shi ma ban yi nisa ba. Da yaƙi ya zo gadoji suka rufu, rumfa ta zama labari, sai na koma ɗebo ruwa a jarkoki ina kai wa gidajen unguwa. Ruwan ne ya kashe babur ɗin. Ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar baya, wanda muke ce wa magas, ya tsage ta hagu. Aka yi masa walda, ya sake tsagewa kusa da waldar. Aka sake yi, ya buɗe a wani wurin. Maƙwabcinmu mai walda, wani dattijo da duk unguwa ke kira usta, ya ƙwanƙwasa shi da guduma ya ce, "Wannan ya zama gwangwani, ya Haj. In na ƙara sa masa wuta huda shi zan yi."

Da jarkoki kaɗai zan ɗauka da ban damu ba. In ya karye ruwa ya zube, shi ke nan. Amma a gidana akwai 'yata ta fari, cikinta ya tsufa. Ba na faɗin sunanta, haka muka gada. A gida "yarinyar nan" nake cewa, ita kuma ba ta zama inda nake zaune, in na shigo ta wannan ƙofa ta fita ta waccan. Mijinta ɗan Alsahafa ne, yaron kirki. A farkon yaƙin ya kawo ta wurinmu, ya ajiye sabon babur ɗinsa a tsakar gida, ya ce sabon babur ba ya wucewa a hanya yanzu, zai je a ƙafa ya dubo mahaifiyarsa a ƙetaren kogi ya dawo. Bai dawo ba. Wayarsa ta yi ta shiga ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga.

Ungozomar unguwarmu, kafin ta bi 'ya'yanta ta bar gari, ta duba yarinyar. Ta ja uwar yarinyar gefe ta ce ɗan a gicciye yake kwance, kada mu kuskura mu bari ta haihu a gida. Uwar ta faɗa mini a bakin randa, murya ƙasa-ƙasa, tana ta wanke kofin da ya riga ya wanku. Asibitin da ya rage a buɗe yana da nisa, ba tafiyar ƙafa ba ce ga mai naƙuda. Duk mai raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, a unguwar ko an karɓe masa, ko ya kwance tayoyinta ya ɓoye. Mai amalanken jaki ya tafi ƙauye da jakinsa. Saura ni da babur mai tsagaggen ƙarfe.

Tun daga ranar abu ɗaya nake gani. Ina cikin alwala sai in ga magas ya karye a tsakiyar hanya, taya ta kwanta, yarinyar ta faɗi a kan cikinta. Ina cikin salla in sake gani. Ba harbi nake tsoro ba a lokacin, ko da yake harbin yana nan kullum. Wannan ƙarfen nake tsoro.

Babur ɗin surukina bai hawuwa. Wata rana dana, harsashin babbar bindiga, ta faɗa bayan gidanmu, katangar kicin ta zubo a kan gabansa, wani ɓarɓashin ƙarfe ya huda injin har mai ya tsiyaye ƙasa. Bayansa kuwa ko ƙwarzane babu. Mun lulluɓe shi da tamfol. Kullum da safe yarinyar sai ta ɗaga tamfol ɗin ta goge sirdin da gefen mayafinta, ta mayar ta rufe.

Na ce wa uwarta, "Ki faɗa wa yarinyar nan ina son ƙarfen bayan babur ɗin can."

Ta ce, "Kai ka faɗa mata."

"Kin san ba zan iya ba."

"To ni zan iya? Kana ganin abin da take yi masa kullum. In ka kwance shi ai kamar ka ce mata ne..." Ba ta ƙarasa ba, ta tashi ta shiga ɗaki.

Ban san ko ta faɗa ba, ko yarinyar ce ta ji mu ta taga. Da na dawo daga sallar asuba na tarar da 'yar jakar sufanun mijinta a kan angarib ɗina, gadon igiyar da nake kwana a kai a tsakar gida, da makullin babur ɗin a kanta. An kuma yaye tamfol ɗin an ninke shi a gefe.

Na kira usta ya zo ya duba. Ya tsugunna tsakanin baburan biyu yana kallon wannan yana kallon wancan, ya ce, "Waɗannan ba ubansu ɗaya ba."

Gaskiya ya faɗa. Nawa shoka biyu gare shi, ɗaya a kowane gefe, a tsaye, kowa na gani. Na surukina shoka ɗaya ce a tsakiya, a ɓoye ƙarƙashin sirdi, a ƙasanta kuma akwai wasu ƙananan ƙarafa masu gaɓoɓi da ke lanƙwashewa in taya ta hau tudu. Usta gwiwa yake ce musu, ni ma na bi shi. A jikin babur ɗina babu inda za a ɗaura shokar nan, babu inda za a ɗaura gwiwar. Sai an ƙera musu kunnuwa an yi walda, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa.

Na ce, "Zai yiwu?"

Ya ce, "Zai shiga. Ko zai riƙe, wannan sai Allah."

Na fi son ya yi mini ƙarya a ranar, amma usta ba ya yi.

Kan sabon magas ɗin ya fi wurin shigarsa faɗi. Ba da yawa ba, kamar kaurin ɗan yatsa, amma ƙarfe ba ya jin lallashi. Babu wuta balle injin guga, sai magagari da hannu. Usta ya ce, "Ka ci daidai ta kowane gefe. In ka ci wani gefen ya fi, kai kana kallon arewa taya na kallon gabas." Na karya karan ashana ya zama ma'aunina. In goga dama, in auna, in juya in goga hagu. Na yi kwanaki a kan wannan kaɗai, a inuwar katanga, ƙarfen a matse tsakanin ƙafafuna. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Duk sanda na ji yarinyar ta yi ɗan nishi a ɗaki sai magagarin ya tsaya a hannuna, in kasa kunne, in ce yau ce, ga shi babur ba shi da ƙafar baya ko ɗaya. Tsohon magas na cire, sabon bai shiga ba. A kwanakin nan da naƙuda ta zo da sai dai in goya ta.

Da ya shiga kuma sai ga wata matsalar. Doguwar kusar da ke ratsa kansa, tawa ta fi ramin sirantaka, tana wasa a ciki. Usta ya yanko guntun bututun famfo, muka goge shi, muka tura ya cike gurbin. Akwatin da ke tace iska yana zaune daidai inda shoka za ta bi, na cire shi na ɗaura soso da yadi a bakin. Batir na matsar da shi gefe na ɗaure da robar tiyub, wannan kam sana'ata ce. Kunnuwan muka yanka daga ƙarfen tsohon gadona. Kunnen sama yana buƙatar sandar da za ta gitta ta riƙe shi, muka rasa mai ƙwari, sai usta ya nuna ƙarfen bayan sirdi, wanda fasinja ke riƙewa, ya ce wannan zai yi. Na kwance na miƙa masa, ya sa zarto. Ban yi tunanin komai ba.

Sai walda. Usta yana da ƙaramin janareta da ya binne a ƙarƙashin buhunan gawayi, da sandunan walda 'yan kaɗan. Fetur nawa ne, daga wanda nake ajiya domin tafiyar. Na tura babur zuwa gidansa da hantsi, na ce ya tayar.

Ya ce, "Cikin shirun nan? Duk wanda ya ji janareta ya san akwai fetur. Wanda ya san akwai fetur kuwa zai zo gaisuwa."

"To yaya za mu yi?"

"Mu jira su fara."

Ban taɓa zaton zan zauna ina jiran a fara harbi ba. Muka zauna a zaurensa, ya dafa mana shayi ba sukari, muna sha muna saurare. Wajen azahar aka fara daga can kudu, manyan bindigogin nan da ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne. Usta ya ajiye kofi ya ce bismillah, ya ja igiyar janareta.

Mutumin ya tsufa. Gilashin fuskarsa ya fashe tun tuni, wani guntun baƙin gilashi yake karewa da shi da hannun hagu. Ni na riƙe masa kunnen da filaya, na kau da kai. Na sama ya tafi lafiya. Yana tsakiyar na ƙasa, wanda zai ɗauki gwiwar, sai wata dana ta faɗi kusa, har ƙasa ta zubo mana daga rufi. Na ji hannunsa ya zabura. Wutar ta ɗauke, ya sake kamawa, ya ƙarasa. Da ya kashe janareta ya ɓare dattin da guduma, na ga layin ya karkace a tsakiya, akwai wani ɗan rami kamar hudar ƙwaro.

Na ce, "Usta, nan fa?"

"Ya kama."

"Ka ƙara masa ko kaɗan."

"Sanda ta ƙare. Ya kama na ce maka. In ba ka yarda ba je ka nemo wanda hannunsa ba ya rawa a garin nan."

Na ajiye filayar. Na tura babur na koma gida.

Sauran aikin na yi a gida. Sabon magas ya fi tsohon tsawo, sarƙata ba ta kai ba, na ciro gaɓoɓi daga ta surukina na haɗa. Na ari igiyar shanyar uwar yaran na ja daga tayar gaba zuwa ta baya, ta dama da ta hagu, na yi ta sassauta noti ina ɗaurewa har suka tsaya a layi ɗaya. Na cika gaɓoɓin gwiwar da giris.

Da na tashi na ja da baya na dube shi sai na ga abin da ban yi tunaninsa ba. Babur ɗina baƙi ne, fenti ya kokkoɗe, tsatsa ko'ina. Ga wannan ƙarfe a bayansa fari tas yana ƙyalli. A kwanakin nan wanda aka gani da sabon abu a jikin tsoho tambaya ɗaya ake yi masa, gidan wa aka fasa. Mu kuma Hausawan garin, masu irin fuskata, tambayarmu takan zama biyu. Na ɗebo baƙin mai, na kwaɓa da toka da ƙasa, na shafe magas ɗin da shokar da gwiwar kaf. Ina cikin shafawa na ɗaga kai na ga yarinyar a bakin ƙofa tana kallo. Abin da ta yi watanni tana gogewa ne nake cuɗawa da datti. Ta saki labule ta koma.

Na hau na zaga unguwa. Wallahi ban taɓa jin babur ɗin nan haka ba. In na faɗa rami sai ya nutse a hankali ya taso, kamar katifa. Na dawo ina jin na gama.

Uwar yaran na tsaye a tsakar gida, ta ɗaura tob ɗinta na fita, dogon mayafin da matanmu ke naɗawa. Ta ce, "Ba za ka ɗora mini 'ya a kan abin nan ba sai ka fara ɗaukata."

"Na gwada, lafiya lau yake."

"Kai kaɗai ka gwada. Kai me ke gare ka, ƙashi ne da jallabiya. Miƙo mini jarkar can."

"Me za ki yi da jarka?"

"Cikin fa? Ko shi ba nauyi ba ne?"

Usta ya leƙo don ya ga aikinsa, ya tarar da ita tana hawa da jarkar ruwa a rungume. Ya ce, "Hajiya, Allah ya sauke ki lafiya." Ta ce in ya ƙara magana shi za ta sa ya yanke cibi.

Ta zauna a gicciye kamar yadda matanmu ke zama, ƙafafu biyu a gefe ɗaya. Babur ya nutse. Na ji tana motsi a bayana, tana lalube da ƙafa. Ta ce, "Maigida, ina zan sa ƙafata?"

Na waiga. Ƙafafunta na lilo kusa da wayoyin taya, gefen tob ɗin na shafar sarƙa. Matakan fasinja a jikin tsohon magas suke, ga shi can jingine da katanga da matakansa. Sabon ba shi da su. Na yi watanni ina ɗaukar jarkoki, jarka ba ta da ƙafa, ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba.

"Kuma me zan riƙe?"

Na dubi usta, usta ya dubi ƙasa. Ƙarfen riƙon yana can ƙarƙashin sirdi, mun yanka shi mun yi masa walda.

Ba a nan ya tsaya ba. Usta ya sunkuya ya taɓa sarƙa, ya kira ni. Sarƙar da na bar wa wasa daidai lokacin babur ba kowa, yanzu da nauyi ya danne shi ta ɗaure tamau, ko motsi ba ta yi. Ya ce, "Rami ɗaya za ka faɗa ta tsinke ta naɗe taya." Na zauna a ƙasa. Da matar nan ba ta yi taurin kai ba, haka zan ɗora yarinyar in fita.

Na sassauta sarƙar tana zaune a kai da jarkarta, ban bari ta sauka ba sai da na ɗaure. Na yanko wani ƙarfen daga gadon, na rataya shi a ramin tsohuwar shokar hagu, na ɗaura guntun katako a ƙasa ya zama mataki. Na sa kwali da waya na kare tayar saboda tob. Riƙo ne na rasa yadda zan yi.

Uwar ta ce, "Sai ta riƙe ka."

Na ce, "Kin san ba za ta yi ba."

Ita ma ta sani. Tun yarinyar na ƙarama, tun da ta yi wayo, hannunta bai taɓa jikina ba. Na ɗaura igiya a gicciye a kan sirdin, na naɗe ta da roba don kada ta yanke mata hannu.

Naƙuda ta zo bayan azahar, rana na dukan kai. Uwar ta fito da ita a hankali, ta zaunar da ita, ta ɗora mata ƙafafu a kan katakon, ta cusa gefen tob a ƙarƙashinta. Wurin mutum ɗaya ne, ita ba za ta iya bin mu ba. Ta dafa kan yarinyar tana karanta abin da ta iya, sannan ta dube ni ta ce, "A hankali." Yarinyar ta kama igiya. Ta bar fili tsakanina da ita, har iska na ratsawa.

Na tafi a giya ta biyu. Titunan da na sani tun ina yaro duk sun canza, ramuka, wayoyin wuta a ƙasa, shaguna baki buɗe, karnuka a kwance a tsakiyar hanya ba sa ko tashi. Idona na kan hanya amma kunnena na ƙarƙashin babur, wurin wannan ɗan ramin na waldar usta. Duk tudun da muka hau sai in ji kamar a cikina ƙarfen yake lanƙwashewa. Ita kuwa ko uffan. In ciwon ya zo sai in ji sirdin ya ɗan girgiza, numfashinta ya tsaya, daga baya ya dawo.

A mahaɗar babban titi akwai shinge, buhunan ƙasa da tayoyi da mutum biyu da bindigogi. Ƙaramin cikinsu ya ɗaga hannu.

"Sauka, ya Haj."

Na ce masa ba zan iya ba, in na sauka za ta faɗi, mai naƙuda ce. Bai ko dube ta ba. Ya zaga bayanmu, ya tsaya. Na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe. Da bakin bindiga yake kankare baƙin man da na shafa. Na san farin ya fito.

Ya ce, "Jakinka tsoho, ƙafarsa sabuwa. A wace kasuwa ka saya?"

Na san kasuwar da yake nufi, ta kayan da aka kwaso daga gidajen mutane, kowa ya sani. Na buɗe baki in yi bayani, Larabcin da aka haife ni a cikinsa ya maƙale, kalmar farko da ta fito ta Hausa ce. Ya dawo gabana ya ƙura mini ido.

"Kai ɗan ina ne?"

"Nan aka haife ni. Nan aka haifi ubana."

"Kowa haka yake cewa. Kashe injin."

Ban kashe ba, don in ya mutu da mutum a baya ba zan iya buga shi ya tashi ba. Ban kuma iya faɗa masa haka ba. Na ga yatsansa ya matsa kan kunamar bindiga.

Sai na ji murya a bayana, da Larabcin Umdurman tsantsa, irin wanda suke yi da ƙawayenta. Ban taɓa jin ta ɗaga murya a gabana ba sai ranar.

"Na mijina ne. Babur ɗinsa na tsakar gidanmu katanga ta danne shi, je ka gani. Shi yana ƙetaren kogi, ban sani ba ko yana raye. Ɗansa ne ke son fitowa. Ka bar mu mu wuce, ko ka kira uwarka ta zo ta karɓi haihuwa a nan kan titi."

Yaron ya tsaya baki buɗe. Babban, wanda ke zaune a kan buhu tun ɗazu, ya ce masa, "Kai, matsa musu." Ya dube ni ya ce, "Wuce, ya Haj. Allah ya sauwaƙe."

Mun wuce. Ni kunya ce ta rufe ni a kan tsoro, ta faɗi miji, ta faɗi haihuwa, duk a kunnena. Ita ma na san ta ji kunyar.

Gaba kaɗan an haƙa rami ya gitta titin, an cike shi rabi da ɓaraguzai. Babu hanyar kaucewa. Na rage gudu har babur na neman mutuwa. Tayar gaba ta sauka ta hau. Ta baya na sauka ciwon ya zo mata, mai ƙarfi wannan karon. Na ji nauyinta ya tafi gefe, igiyar ta kuɓuce. A ƙasa kuma wani abu ya ce ƙas, ƙara ƙarama, amma na ji ta. Kafin in sa ƙafa a ƙasa hannu ya damƙi jallabiyata, ɗayan ya zagayo cikina ya riƙe. Goshinta ya dafe a bayana, zafinsa har ta cikin riga.

Ta kira ni Baba da Larabci, ta ce, "Yaba, kada ka tsaya."

Ban tsaya ba. Ba ta kuma sake ni ba har ƙofar asibiti. Sauran hanyar ban san yadda na bi ta ba, abin da na sani ina ta jiran ƙara ta biyu.

Mata biyu suka fito suka karɓe ta. Na jingine babur a gindin dalbejiya na zauna kusa da shi. Ban duba ƙasansa ba, na kasa. Wani mutum da ke jiran nasa mara lafiyar ya miƙo mini ruwa, na sha. Rana ta yi sanyi sosai kafin ɗaya daga matan ta leƙo ta ce wa ya kawo mai tob shuɗi. Na tashi. Ta ce an yi mata aiki, an ciro mace, ita da uwar duk suna numfashi. Ta ce ko zan shiga in gan su. Na ce a'a, uwarta za ta zo gobe.

Na kama hanya kafin magariba, don bayan magariba ba a tafiya. Ni kaɗai ne, babur ba nauyi, na lallaɓa shi. A shingen babban ya ɗaga kai yana tambaya da ido, na ce mace, ya ce mabruk. Uwar yaran na bakin ƙofa. Da na faɗa mata sai ta zauna a dandariyar ƙasa ta rufe fuska da tob, ta daɗe a haka. Da ta tashi hulba ta je ta jiƙa, don kunun mai jego.

Washegari da sassafe ta fito a shirye, tukunyar kunun a naɗe da zane, ta ce mu tafi. Na ce ta dakata. Na kwanta a ƙasa na shiga ƙarƙashin babur da tsumma, na goge baƙin man da ke kan kunnen ƙasa, na bi layin waldar da farce. Farcena ya faɗa. Tsagar ta tashi daga ɗan ramin nan ta ci fiye da rabin kunnen. Abin da ya rage yana riƙe bai kai faɗin farcen ba.

Ta ce, "Lafiya?"

Na ce, "Ajiye tukunyar a kan garwashi, kada ta huce."

Ban faɗa mata inda tsagar ta kai ba. Na zuƙo fetur ɗin da ya rage a tanki na raba biyu, rabi a kwalba, na tura babur zuwa gidan usta. Ya tsugunna ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Ya shiga ɗaki ya fito da sandar walda guda, a naɗe cikin leda.

Na ce, "Ka ce sun ƙare."

Ya ce, "Ta gyaran ƙofar gidana ce na ɓoye. Me aka samu?"

"Mace."

Ya ɗora shayi. Muka janye buhunan gawayi daga kan janareta, na zuba fetur ɗin, na gyara filaya a kusa da ni. Muka zauna a zaure muna jiran su fara.